Honarabul Na Neman Ta-zarce, Amma Me Ya Yi A Cikin Zauren?

Makon jiya bayan sallar la'asar muna zaune a ƙofar shagon tela inda muka saba hira, sai ga wani yaro da jakar leda, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kowa wani ɗan littafi mai sheƙi. A bangon akwai hoton ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu, ya sha babbar riga da hula zanna, a gefensa kuma hoton gwamna wanda ya fi nasa girma. A ƙasa an rubuta cewa waɗannan kaɗan ne daga ayyukan alheri na Honarabul, kuma jama'a ne suka matsa masa lamba ya sake fitowa a 2027. Na tafi da nawa gida, bayan isha'i na zauna na karanta shi daga bango zuwa bango.

Akwai rijiyoyin burtsatse, da fitilun sola a kasuwa da tasha, da katangar maƙabarta, da gyaran rufin masallacin Juma'a. Akwai kekunan ɗinki da injinan markaɗe ga mata, da babura ga matasa, da fom ɗin JAMB ga ɗalibai, da shinkafa da sukari lokacin azumi. Akwai hotunan samari riƙe da takardun ɗaukar aiki suna murmushi. Tsakani da Allah, yawancin abin da ke ciki na san an yi shi. Rijiyar da ke bayan makarantar firamare ta unguwarmu na sha ruwanta kafin famfon ya tsaya. Gwaggona tana cikin matan da suka sami keken ɗinki, kuma da shi take ɗinka kayan makarantar jikokinta har yau.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne abin da ban gani ba. A duk littafin babu shafi ɗaya da ya faɗi abin da mutumin nan ya yi a cikin zauren majalisa. Ba a ambaci ƙudurin da ya gabatar ba. Ba a ce ga kwamitin da yake ciki ba, balle rahoton da kwamitin ya fitar. Ba a ce ran kaza ya miƙe ya tambayi kwamishinan lafiya ina kuɗin asibitinmu suka shiga ba. Mutumin da muka tura ya yi doka, ya duba kasafin kuɗi, ya sa ido a kan gwamnati, ya dawo mana da lissafi irin na attajirin gari mai yawan kyauta.

Washegari na je gaida Gwaggo na kawo mata maganar. Tana kan keken nata ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ni ina ruwana da abin da suke faɗa a can birni? Wanda ya gabace shi ko gaisuwar mutuwa bai taɓa taka garin nan ba. Wannan kuwa da mahaifinka ya rasu har ƙofar gida ya zo ya zauna a kan tabarma." Na ce, "Haka ne Gwaggo, ban manta ba." Ta ce, "To in ba ka manta ba, sai ka bar bawan Allah ya koma."

Ban yi mata musu ba, don maganarta tana da nauyi. A wurin da gwamnati ta yi nisa da talaka, duk wanda ya matso kusa har ya san sunan mutum ya cancanci a gode masa. Kuma duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidan ɗan majalisa da sassafe ya san irin kayan da muke ɗora masa. Ni na je sau ɗaya, na raka wani maƙwabcina da ake nema wa kuɗin aikin ido. Tun ana fitowa daga sallar asuba mutane sun jeru a jikin katanga. Ga dattijo riƙe da takardar magani da ta yi laushi don ninkewa. Ga mata uku da goyo, ɗaya an kore ta daga gidan haya. Ga samari da fayil ɗin takardun makaranta a hammata. Ga wani da katin ɗaurin aure, wani da maganar suna, wani kuma ɗansa ne ke hannun 'yan sanda. Da Honarabul ya fito wajen ƙarfe takwas, kowa ya miƙe, "Ranka ya daɗe" ta ko'ina, yaronsa na biye da shi da jaka yana zaro kuɗi yana danƙa wa wanda aka nuna masa. Kafin ya shiga mota ya sallami mutum fiye da ashirin. Maƙwabcina ya sami rabin abin da yake nema, ya yi ta sa albarka har muka iso gida.

A hanyarmu ta dawowa na yi ta tunanin dattijon nan mai takardar magani. Dalilin da ya kawo shi ƙofar ɗan siyasa da asuba shi ne babu maganin a asibitin garinsu. Dalilin da ya sa babu maganin kuma yana cikin kundin kasafin kuɗi da ake kai wa majalisa kowace shekara, kuma hannun wannan Honarabul ɗin yana cikin hannayen da suka amince da shi. Da ya tsaya a kan wancan kundin yadda ya kamata, da layin ƙofar gidansa ya ragu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu muka koya masa cewa aikinsa yana ƙofar gida, shi kuma ya ga hakan ya fi sauƙi, ya fi kawo ƙuri'a, kuma ba ya ɓata wa gwamna rai.

Ya kamata mu tuna girman kujerar da muke magana a kai, don mun saba raina ta. Tsarin mulkin 1999 ya ce kowace majalisar jiha tana da mambobi daga 24 zuwa 40. Kano na da 40, Katsina da Kaduna 34 kowace, Jigawa da Sakkwato 30, Zamfara da Yobe da Gombe da Kebbi 24. Waɗannan 'yan tsirarun mutane su ne tsarin mulki ya danƙa wa makullin baitulmalin jiha. Sashe na 120 ya hana a fitar da ko sisi daga asusun jiha sai da dokar da majalisa ta yi. Sashe na 128 da na 129 sun ba su ikon bincikar kowace ma'aikata da kowane jami'i, su kira mutum ya zo ya yi bayani, in ya ƙi su sa a kawo shi. Babu kwamishinan da zai hau kujera sai sun tantance shi. Shugaban hukumar zaɓe ta jiha da mambobinta sai da amincewarsu. Babban mai binciken kuɗi na jiha su yake miƙa wa rahotonsa, kuma sashe na 125 ya wajabta a kai rahoton gaban kwamitin kula da asusun gwamnati. In gwamna ya ƙi sa hannu a doka, bayan kwana 30 kashi biyu cikin uku na mambobi za su iya zartar da ita ba tare da shi ba. Su ne kaɗai ke iya tsige gwamna. Ko tsarin mulkin ƙasa ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 sun ce sun yarda. Kuma an wajabta musu zama na aƙalla kwana 181 a shekara.

Mutumin da ke riƙe da kashi ɗaya cikin talatin na wannan iko, in ya shekara huɗu ko takwas ya dawo yana nuna mana famfo da taliya, ya rage wa kansa daraja, mu ma ya rage mana.

Mutane ba su raɗa wa majalisun jihohi suna 'yan amshin shata a banza ba. A gyaran tsarin mulki na 2010 an kawo musu batun 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, wato a daina sa su zuwa gidan gwamnati roƙon kuɗin gudanar da aikinsu, amma ba a samu majalisu 24 da za su amince da 'yancin kansu ba. Sai a 2018 aka samu gyaran ya wuce, shi ma aiwatar da shi ya zama jidali, har ma'aikatan majalisun suka shiga yajin aiki a 2021 da kuma 2023. Wanda gwamna ke saya wa mota, yake ba shi kuɗin aikin mazaɓa in ya ga dama, ya hana shi in ransa ya ɓaci, da wuya ya iya ɗaga kai ya tambayi gwamnan lissafi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne majalisun nan sun iya aiki da sauri in sun so. A watan Mayun 2019 majalisar Kano ta zartar da dokar ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, Gwamna Ganduje ya sa hannu nan take. A ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar Kano ta soke dokar masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ba na shiga rigimar sarautar Kano a nan, kowa da ɓangarensa, kuma maganar ta je kotu. Abin da nake nunawa shi ne sau biyu an taɓa al'amarin da ya shafi tarihin ɗaruruwan shekaru da zukatan miliyoyin mutane, kuma sau biyun majalisa ta gama da shi da saurin da ya dace da buƙatar gwamnan da ke kan kujera. A Zamfara ma haka. A ƙarshen 2019, bayan da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito yana neman a biya shi alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata, majalisa ta tashi tsaye ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni. Sokewar abu ne mai kyau, na yi murna da ita. Sai dai wata majalisar Zamfara ce ta yi dokar tun farko, a jihar da malamin firamare ke kuka da albashinsa, kuma ba a soke ta ba sai da mulki ya koma hannun wata jam'iyya.

Na Kaduna ya fi tsaya mini a rai. A watan Yunin 2024 majalisar jihar ta karɓi rahoton wani kwamitinta da ya yi zargin cewa an karkatar da naira biliyan 423 a zamanin mulkin Nasir El-Rufa'i, daga 2015 zuwa 2023. El-Rufa'i ya musanta, ya garzaya kotu, kuma ni ba alƙali ba ne. Tambayata ga majalisar ce. A duk shekarun nan takwas akwai majalisa a Kaduna. Ita ta amince da kasafin kowace shekara, ita ke da ikon kiran kowane kwamishina, ita ake kai wa rahoton mai binciken kuɗi. In zargin gaskiya ne, ina take lokacin da ake yi? In kuma ba gaskiya ba ne, me ya sa ta bari aka yi amfani da ita? Binciken da ba ya tashi sai gwamna ya sauka ya saɓa da magajinsa ba ya dawo wa mai haƙuri da maganin da ya rasa shekara biyar da suka wuce.

Kada a ɗauka ina neman ɗan majalisa mai rigima ne, wanda zai tashi kullum yana zagin gwamna a rediyo. Mun ga inda wannan hanyar ta kai. A jamhuriya ta biyu Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a jam'iyyar PRP, majalisa kuwa jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, daga ƙarshe suka tsige shi a watan Yunin 1981, ya zama gwamnan farko da aka tsige a ƙasar nan. Wannan majalisa ta nuna ƙarfi, amma ƙarfin jam'iyya ta nuna, kuma talakan Kaduna da Katsina bai amfana da komai ba. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuya: mutum ɗan jam'iyyar gwamna, mai mutunta gwamna, wanda duk da haka zai iya buɗe kundin kasafi a zaman kwamiti ya ce, "Ranka ya daɗe kwamishina, bara mun ware kuɗin gyaran asibitin nan, ga shi a shafi kaza. Nawa aka saki? Wa aka ba kwangilar? Me ya sa na je ban ga komai ba?"

Kuma in majalisar jiha ta yi aikinta, ana ji a jiki. A watan Mayun 2024 aka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, wadda ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da jinin sikila (genotype) kafin a ɗaura. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila, yana murƙususu ƙashinsa na ciwo ba abin da za ka iya yi masa, ya san abin da wannan doka ke nufi ga gidajen da ba a ma kafa ba tukuna. Babu adadin buhunan shinkafa da zai kai ta. Irin wannan nake so in gani a shafin farko na littafin ɗan majalisa, da sunansa a jiki, ko a ce shi ya kawo, ko a ce ya yi magana a kai, ko ma a ce ya ƙi amincewa da ita ga dalilinsa.

Shafin ƙarshe na littafin Honarabul ɗinmu an ware shi ga abin da zai sa a gaba in ya koma. Abu huɗu ne: ilimi, lafiya, noma, da tallafa wa mata da matasa. Babu ɗan takarar da na taɓa gani, daga kansila har shugaban ƙasa, da bai rubuta waɗannan huɗun ba. Kalmomi ne da ba za a taɓa kama mutum da su ba, don ba su ce komai ba. In da gaske yake yi, akwai wuraren da zai sa hannu a gane.

Na farko a wurina shi ne kuɗin ƙananan hukumomi, kuma a nan nake so in ɗan tsaya, don a nan ne ɗan majalisar jiha ya fi kowa laifi kuma ya fi kowa iko. Makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, hanyar da ake fito da amfanin gona, magudanar ruwa, rumfar kasuwa, duk waɗannan a ƙaramar hukuma suke. Shekara da shekaru kuɗinsu na bi ta asusun haɗaka na jiha, kuma tsarin mulki cewa ya yi majalisar jiha ce ke tsara yadda za a raba. Su ne ke yin dokar da ke kafa ƙananan hukumomin. Su ne suka riƙa amincewa a rushe zaɓaɓɓun ciyamomi a naɗa kantomomi, a ƙara musu wata shida, a sake ƙara musu wata shida. Na san lokacin da sakatariyar ƙaramar hukumarmu ke cika da jama'a kullum. Yanzu in ka shiga ranar Laraba da hantsi sai ka ji kamar an yi gudun hijira, ofisoshi a kulle, awaki na kwance a baranda, ma'aikaci ɗaya ko biyu suna gyangyaɗi a kan benci. Ciyaman ba ya zama, don ba shi da abin da zai ba wanda ya zo. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Tun daga nan ake ta jan ƙafa. To Honarabul yana ina a wannan magana? Yana goyon bayan kuɗin su iso garinmu, ko yana cikin masu neman wata dabarar da za a mayar da su inda suka saba zuwa? In kuma sun iso, wace doka zai kawo da za ta tilasta wa ciyaman ya manna abin da ya karɓa da abin da ya kashe a jikin allon sakatariya kowane wata? Don ni ban yarda cewa ciyaman waliyyi ne ba. Kuɗin da ba a sa wa ido ba, ko a hannun wa suke, hanya ɗaya suke bi.

Sai maganar kasafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai in aka lissafa da naira, a daidai lokacin da kwanon masara da kuɗin mota suka gagari talaka. Wannan ƙarin daga aljihunmu ya fito. Wanda ke neman ƙuri'ata karo na gaba ya kamata ya iya tsayawa a gaban jama'a ya ce ga abin da jiharmu ke karɓa da, ga abin da take karɓa yanzu, ga inda bambancin ya tafi. Ya gaya mana bashin da majalisa ta amince a ciwo a wa'adinsa, da abin da aka ce za a yi da shi, da ko ya je ya gani da idonsa. Ya gaya mana ko jiharmu ta biya nata kason ta karɓo kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC, tunda dokar 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata kafin tarayya ta saki nata. A makarantar da rijiyarsa take, 'yan aji uku a ƙasa suke zama, rabin rufin ajin iska ta yaye tun damunar bara. Shi ya kafa rijiyar da allo mai ɗauke da sunansa, amma rufin yana cikin kasafin da ya ɗaga hannu ya amince da shi.

Akwai kuma sabuwar dama da ban ji ko ɗaya daga cikin masu neman kujerar nan ya ambata ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin dokokinsu a kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, sannan a watan Yuni na shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Ma'ana, majalisar jiha na iya kafa tsarin da zai ba mai zuba jari damar samar da wuta ya sayar a cikin jihar. Telan da muke zama a ƙofar shagonsa rabin cinikinsa a man janareto yake ƙarewa. Mai walda, mai niƙa, mai sayar da ƙanƙara, duk haka. Wannan shi ne tallafa wa matasa da zai daɗe, kuma ba ya buƙatar Honarabul ya taɓa aljihunsa, karatu da zama a kwamiti kawai yake buƙata.

Na san abin da zai ce, don na ji makamancinsa daga bakin wani na kusa da shi: "Malam, kai ba ka san yadda abin yake ba. In ya buɗe baki a zauren nan, gobe za a ce yana yi wa jam'iyya zagon ƙasa. A cire shi daga shugabancin kwamiti, a riƙe masa kuɗin mazaɓa, ranar fidda gwani a ce an yi masalaha an ba wani. Kai da kake wannan magana daliget ne?" Gaskiya ya faɗa, ni ba daliget ba ne. Tikitin ɗan majalisar jiha a gidan gwamnati ake rubuta shi, ko a falon wani ubangida. Kuma zaɓensa rana ɗaya ake yi da na gwamna, kamar yadda aka yi ranar 18 ga Maris na 2023, takardar ƙuri'a kuma alamar jam'iyya ce a jiki, babu sunan mutum. Jama'a su dangwala sak, guguwa ta kwaso wanda ta kwaso. Da yawa daga cikinmu sai bayan an rantsar muke sanin wanda muka zaɓa. Hanyar kiranye da sashe na 110 ya tanada kuwa sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, kuma tun 1999 ba a taɓa dawo da ɗan majalisa gida ta wannan hanya ba.

Duk da haka ban karɓi uzurin gaba ɗaya ba. Wanda ke neman zango na farko zan iya yi masa uzurin rashin sanin hanya. Wanda ya shekara takwas kuwa, ya san kowane akawu a majalisa, ya san inda ake ɓoye kuɗi a cikin kasafi, yana da jama'ar da gwamna ke buƙata ranar zaɓe, in har shi ma ba zai iya yin tambaya ɗaya ba, to amfanin daɗewarsa me ne? Hujjar masu ta-zarce kullum ita ce gogewa, wai sabon zuwa sai ya shekara biyu yana koyon aiki. Na yarda da hujjar, majalisar da ake sauya kusan dukkan mambobinta duk shekara huɗu ba ta yin ƙarfi. Amma gogewar sai a nuna ta a cikin aikin da aka goge a kai. Kuma tsoron da yake ji na rasa tikiti, mu ne za mu iya sa masa wani tsoron a ɗaya gefen. Yau ya san ba wanda zai tambaye shi yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan bashi, shi ya sa bai ma ga dalilin rubutawa ba. Ran da ƙungiyar malamai, da 'yan kasuwa, da limamai, da matan da ke zuwa awo asibiti suka fara tambaya, mai buga masa littafi zai ƙara shafi.

Na koma wurin Gwaggo bayan kwana biyu, ban kawo mata tsarin mulki ba. Tambayarta na yi ko ta tuna daren da jikarta ta tashi haihuwa, muka kai ta asibitin garinmu muka tarar da shi a kulle, babu ungozoma babu fitila, muka ɗauki shatar mota zuwa babban asibiti a kan hanyar nan mai ramuka, tana zubar da jini a kujerar baya. Ta ajiye almakashin hannunta ta ce, "Wa zai manta da wannan dare? Allah ne ya yi da sauran kwananta." Na ce mata a shekarar akwai kuɗin ɗaukar ma'aikatan lafiya a kasafin jiha, kuma aikin Honarabul ne ya bi sawu ya ga an turo mana ko mutum ɗaya. Ta yi shiru, can ta ce, "To shi ya san da haka?" Na ce ya sani. Ta ce, "In ya zo ka tambaye shi a gabana. Amma ka tambaye shi da ladabi, ɗan mutunci ne."

An ce zai zo ranar kasuwa ta sama, zai gana da jama'a a filin makarantar firamare kafin ya ƙaddamar da gyaran famfon da ya tsaya. Na sa an buga mini shafukan kasafin bara da suka shafi ƙaramar hukumarmu, na ja layi a ƙarƙashin asibitin da ajin nan marar rufi. Telan ya ce zai rufe shago ya zo da tasa tambayar a kan wuta, kuma na yi wa Gwaggo alkawarin zan samar mata kujera a sahun gaba.